Garin da Ba a Mutuwa

Ni dai ban yi nisa a makaranta ba, zaman aji ba ya yi mini. Yau ina acaɓa a Kwanar Ɗangora, gobe ina lodin masara a Doguwa. Abin da ya zauna mini a ka, a bakin Iya na ji shi, kakarmu ta wajen uba.

Ƙauyenmu yana gefen dajin Falgore. In an karya masara, bayan sallar isha sai Iya ta tara mu a ƙofar ɗakinta mu yi ta ɓare, ita tana zuba totuwa a wuta. Hayaƙin yana sa hawaye, amma ba mai tashi. Ni take ce wa Maigida, don tsokana. Yaya Sale, wana, shi yake zama kusa da wuta, yana gasa mana 'yar ɗanyar da ya ɓoye. Tatsuniyoyinta yawanci na dariya ne. Guda ɗaya ce ba ta dariya ba, kuma sau ɗaya tak ta yi mana ita.

"Ga wata nan ta taho," in ji ta.

Muka ce ta iso mu gani.

Wai a wani gari a gindin dutse akwai Sarkin Yaƙi, ƙato, sulkensa kullum a goge, amma bai taɓa taka fagen fama ba. Daga zaure yake yaƙinsa. Mahara suka dami garin, sai ya tara samari ya ba su kibau, ko dafi ba a shafa musu ba, ya ce su je. Suka tafi, aka karkashe su. Da labari ya zo masa, sai ya sa mai shela ya zaga gari ya ce ba wanda ya mutu, samari suna can suna korar maƙiya. Duk wadda aka ji kukanta, to 'yar mahara ce, so take ta karya wa gari zuciya.

Wani yaro ya rarrafo ya dawo da sara a kafaɗa, ya faɗi abin da ya gani a bakin rijiya. Aka kama shi aka jefa a rumbu, aka liƙe bakin da laka. Daga nan kowa ya ja bakinsa. Ba a shimfiɗa tabarmar makoki ba, ba a yi sadaka ba. Mata suka ci gaba da zuba tuwon mazajensu suna rufewa da faifai.

Sai wata amarya ta tsefe kanta ta shiga takaba. Aka kai ta zauren Sarkin Yaƙi. Iya ta kumbura murya ta yi irin tasa: "Wa ya gaya miki mijinki ya mutu?" Sannan ta sirantar da ita: "Ranka ya daɗe, dokinsa ya dawo, shi bai dawo ba."

Ya sa aka jawo dokin, aka yanka shi a gabanta, aka binne. Ya ce, "Ina dokin?" Ya sa mata suka danne ta suka yi mata sabon kitso.

Muka jira ci gaba. Iya ta ci gaba da ɓarar masararta. Na tambaye ta sai me ya faru, ta ce ba sai me, Maigida, garin yana nan har yau, ba a taɓa mutuwa a cikinsa ba. Yaya Sale ya fusata, ya ce da shi ne da ya ɗirka wa mutumin kibiya a tumbi. Iya ta dube shi ta ce, "Wacce? Mara dafin?" Ta ce a yayyafa wa wuta ruwa, ta ƙare.

Iya ta rasu tun kafin Yaya Sale ya shiga soja. Noma ya ƙi, shanun da muke huɗa da su an sace, sai ya tafi. Ya auri Binta, 'yar Tudun Wada, ya ajiye ta a gidanmu, aka tura shi daji yaƙi.

Ina kan babur wata rana da la'asar wayata ta yi ƙara. Kabiru ne, abokinsa ɗan Kiru, rundunarsu ɗaya. Ya ce an faɗo musu a sansani, harsashi ya ƙare, sun yi ta kiran agaji ba a zo ba. Ya ce shi da hannunsa ya rufe wa Sale fuska. Washegari hoton bidiyon Kabiru ya zaga wayoyi, yana nuna bindigarsa fanko, yana tambayar manya ina kayan da aka ce an sayo.

Ministan da yaƙin ke hannunsa ya fito a rediyo. Ya ce an fatattaki 'yan ta'adda, ba a rasa soja ba, masu yaɗa akasin haka suna yi wa maƙiya aiki ne kuma za su ɗanɗana. Tun ranar wayar Kabiru a kashe take. Mutanen gidansu sun ce yana tsare. Na tura bidiyon a wani zauren hira na waya, kafin magariba mai unguwa ya aiko a ja mini kunne.

Baba ya je wajen liman. Liman ya ce ba zai iya cewa mace ta shiga takaba ba tabbas ba, a jira sanarwa. Baba ya dawo da fara'a, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce ai gwamnati ta ce ba a mutu ba, wa ya fi ta sani? Duk wanda ya zo da fuskar gaisuwa sai ya tare shi da hirar taki. Rediyo ba ta barin kunnensa.

Ina yaro na ɗauka muguntar Sarkin Yaƙin nan duk a yanka dokin take. Yanzu na gane ya san abin da yake yi. Ya ba mutane ƙaryar da suka fi so da gaskiya, har uba zai riƙe masa ita da hannu biyu. Shi ya sa ba wanda ya fasa rumbun.

Binta kuwa tana tsakani, ita ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Iyayenta sun aiko ta koma gida, Baba ya ce mijinta bai ba da izini ba. Rannan na shigo da babur, na same ta a bakin murhu. Ba ta tsokane ni yadda ta saba ba.

"Audu, kai ka ji muryar Kabiru. Ka gaya mini, ni zan ɗauka."

Na waiga. Baba yana zaure, ana karanta labarai.

Na ce, "Ya rasu, Yaya Binta."

Ta yi salati a hankali, ta cire 'yan kunnenta ta ƙulle a bakin zane. Na durƙusa na rage murya na ce mata ya haƙuri. Har yau ni kaɗai na yi mata gaisuwar nan.