Jiniyar da Bev Tranter Ba Ta Busa Ba

Duk Asabar ɗin da garinmu Yallamba ke da wasa a gida, Bev Tranter takan iso fili da ƙarfe goma na safe, kafin masu gasa nama su hura wuta. Takan hau matakalar katako zuwa ɗan ɗakin da ke saman allon maki, ta goge raɓar taga da hannun rigar sanyinta, ta ajiye agogo da fulas ɗin shayi a kan benci. Sai ta gwada jiniya sau ɗaya, karnukan bayan fili su amsa mata. Shekara talatin da takwas ke nan tana riƙe wa ƙungiyar ƙwallon garin nan lokaci. Bana ta sauka, kuma rabin gari na cewa ita ta sayar da mu.

Aikin ba ya da kwarjini. Alƙalin wasa ya ɗaga hannu, ta tsayar da agogo. Ya sauke, ta sake shi. Idan zango ya cika, ɗaya daga huɗun da ake raba wasa, ta danna jiniya har sai alƙali ya nuna ya ji. 'Yan kallo ba sa ganin agogon, saboda haka kowa a bakin shinge yana da nasa lissafin, kuma kowa ya tabbata nasa ne daidai. Kowace ƙungiya tana kawo nata mai lokaci su zauna kafaɗa da kafaɗa, domin babu wadda ta yarda da wata.

Des Hollick, mai lokacin ƙungiyar garin Dunkalla, ya fi kowa zama kusa da ita. Shi ya ba ni labarin ranar da marigayi mijinta Ron, yana ɗan wasa a lokacin, ya ɗauko ƙwallo a guje babu kowa a gabansa, Yallamba na baya da maki ɗaya. Saura taku uku ya buga, lokaci ya cika, Bev ta danna. Des ya ce shi kansa da ke ɓangaren abokan hamayya sai da ya kalle ta. Don fushi, Ron ya yi kwana huɗu yana cin abinci a rumfar tarakta. Wata shekara kuma guguwa ta ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, mutane suka ga Bev ta sauko ta tsallaka titi zuwa firamare, ta dawo da ƙararrawar hannu, ta ƙarasa ranar da ita.

Ga abin da ya faru a wasan ƙarshe na watan Agusta. Shekara goma sha ɗaya rabon Yallamba da shiga biyar ɗin farko masu fafatawar neman kofi. Nasara a kan Dunkalla kaɗai ake buƙata. Motoci sun kewaye fili kamar kullum, hanci a jikin shinge, mutane a ciki suna jin ɗumi, ana danna hon duk lokacin da aka ci. A ƙarshen zango na huɗu muna gaba da maki biyu. Mai tsaron bayanmu Darcy Pohlner ya cafke ƙwallo a sama a bakin gidanmu, motoci suka ɗauki hon, a cikinsu aka ji wata doguwar ƙara mai kauri. Darcy ya zaci jiniya ce, ya cilla ƙwallon sama da hannu biyu don murna. Abokansa suka ruga suna rungumar juna. Alƙali bai ɗaga hannuwansa ba, domin wasa bai ƙare ba. Ya hura usur a kan jifa da hannu, domin a irin ƙwallonmu cafkewa halal ce amma jifa laifi ne, ya ba ɗan Dunkalla mafi kusa bugun. Ɗan wasan shi ne Lachie Tranter, jikan Bev, wanda iyayensa suka koma Dunkalla shekara shida da suka wuce. Ya buga ta shiga gida, wanda a wasan nan maki shida ne. Bayan daƙiƙa goma sha huɗu jiniya ta yi kuka.

Kafin motoci su gama fita daga fili an yanke hukunci. Wasu suka ce ta danna ne a kan lokaci, da ta ga ƙwallon zai faɗa hannun jikanta sai ta saki, ta ƙara masa daƙiƙu. Wasu suka ce da gangan ta taɓa don ta ruɗa yaranmu. A gidan burodi na ji wata mata na cewa, "Naka sai naka. Wa ya ce a bar kaka da maɓalli jikanta na fili?" Des ya rantse hannun Bev na kan cinyarta a lokacin, amma shaidar ɗan Dunkalla ba ta sayen ko kofin shayi a Yallamba.

Ni ma na zarge ta, gara in faɗa. Shekara ashirin a aikin jarida ta koya mini cewa idan abu ya yi wa mutum daidai da yawa, a duba shi. Na karɓi bidiyon wasan, na saurari wurin sau goma sha biyu. Jiniyar fili tana tashi ne a hankali sannan ta sauka. Ƙarar farko kuwa miƙaƙƙiya ce, kuma daga arewa ta fito, wajen rumbunan alkama, alhali jiniyar tana kudu. Hon ɗin iska ne, irin na babbar mota. Na kuma bi zangon da agogo daga farko zuwa ƙarshe, ina tsayawa inda alƙali ya tsayar. Bambancin lissafina da nata bai kai daƙiƙa biyu ba.

Na same ta a ɗakin tana kwashe kayanta.

"Ka zo kama ɓarauniya, ɗan jarida?" in ji ta daga sama. "Tako a hankali, mataki na tara ya ruɓe."

Na tambaye ta maganar jikanta. Ta ce da za ta yi wa wani maguɗi, ba wannan ja'irin ba ne, wanda tun bikin Ista yake alkawarin zuwa yanke mata ciyawa. Na tsaya a tagarta. Ana ganin kowace mota a bakin shinge, har wanda ke zaune a ciki.

"Kin ga wanda ya danna," na ce.

"Tagar nan ba ta ɓoye komai."

"To me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa ka buga, Litinin ya kasa shiga gari sayen madara? Murna ya yi, kamar kowa. 'Ya'yansa na makarantar nan. Ni kuwa na tsufa, zagi ba ya hana ni barci."

Ban yarda da jimlarta ta ƙarshe ba. Maƙwabciyarta ta gaya mini Bev ta daina zuwa gidan burodi, tana tuƙa kilomita arba'in zuwa wani gari don cefane.

Shugaban ƙungiya Graeme Nuske ya ce ba korar ta aka yi ba, shawara aka ba ta ta huta, kuma baɗi za a sa agogon lantarki da kowa zai gani. Da na tambaye shi ko ya kalli bidiyon, ya ce bai samu lokaci ba. Manyan motoci uku ne a yankin nan ke da irin wannan hon. A ranar, ɗaya tana gareji, ɗaya tana hanyar kasuwar tumaki. Na san ta ukun, na san mai ita. Bev ta roƙe ni kada in rubuta sunan, kuma na yi mata alkawari.

Bev, ke ce kika hana mijinki taku uku don agogo ya ce a'a. Ke ce kika ga gaskiya ta taga, kika zaɓi ki ɗauki laifin wani a garin da mutum ɗari shida suka san ƙofar gidanki. Mai riƙon amanar daƙiƙa, mun gode. Na zarge ki a zuci na mako guda, ina neman afuwa a bainar jama'a.

Masu neman abin koyi a wannan gari ba sai sun je nesa ba. Wanda aka ba amanar da ba mai gani, ya riƙe ta kamar yadda ta riƙe. Wanda ya yi magana a kanta, ya je ya kalli bidiyon, yana ofishinmu, ba a biyan komai.

Ƙungiya za ta yi mata walimar sallama ranar Asabar da ƙarfe ɗaya a zauren fili. An ce bayan jawabin shugaba za a bar makirfo ga duk mai son cewa wani abu. Mai motar nan yana karanta wannan shafi kowane mako. Ya sani ita ba za ta taɓa faɗa ba, ni ma ba zan faɗa ba. Saura shi.