Fiya-Fiyar Hajiya da Kurunguna

Wani mai haɗa tagogi a Funtua ne ya yi min akwatin gilashin. Na wanke yashin rafi na shimfiɗa, na jera duwatsu, na zuba ruwa na bar shi ya kwanta, sannan na hau mashin zuwa Ƙarfi. Masunta a fadama suka ware min 'yan ƙananan karfasa da kurungu biyu, suna dariya wai ko miyar mutum ɗaya ba za su yi ba.

Ba a jima ba, wata safiya na tarar da karfasan duk sun taso sama, ciki fari. Kurungun ne kawai suka sha, sun lafe ƙarƙashin dutse. Na zargi ruwa, na zargi abinci. Sai da yamma na gani da idona. Kakata, da ta zo jinyar ƙafa gidanmu, tana bi ɗaki-ɗaki da gorar fiya-fiya, maganin sauron nan mai hawa kai, tana yayyafawa. Har bayan akwatina.

"Hajiya! Ashe ke kika kashe min kifi!"

"Tafi can, mijin banza. Ka kawo kifi gida ka hana matarka ta soya, ai alhakina ne."

"Wallahi da gaske nake. Ki daina zuba abin nan."

Sai ta daina dariya. "In daina, sauro fa? Damina ce. Ka manta yadda zazzaɓi ya kwantar da ƙanwarka bara?"

Ban manta ba. Amma in ta ƙara yayyafawa sau ɗaya, kurungun ma sun tafi. Na ce ta ba ni zuwa Juma'a. In sauro ya cije ta a ɗakina, da kaina zan mayar da su rafi.

Na buga raga a taga. Na toshe ramin da ke ƙasan ƙofa. Na zagaye gidan ina kifar da gwangwanaye da tsofaffin tayoyi, na share kwata har bayana ya riƙe. A duron ruwan sama na tarar da tsutsar sauro fal, suna wutsil-wutsil. Na ɗauko matacin koko na kwashe, na zuba wa kurungu. Kai, ka ga wawaso! Matacin na Hajiya ne, wannan ma sai da na sha faɗa na sayo sabo.

Ranar Juma'a bayan magariba ta dogaro sandarta ta shigo. Ta zauna kan darduma, ta miƙe ƙafafu, ta naɗe hannun riga, ta zama tarko. Ni ina tsaye bakin ƙofa da mafici. Ta ja carbi, ta kalli kurungu ɗaya yana iyo a rigingine, ta ce ko kifin nawa malalaci ne kamar mai shi.

Har aka kira isha ba ta mari ƙafarta ba.

"To," ta ce tana miƙewa. "Ɗakinka na bar maka. Sauran gida nawa ne."

Na karɓa da gudu. Tun daga ranar, da na ji ƙarar sandarta a tsakar gida da yamma, ko me nake yi sai in ajiye, in rufe akwatin da jiƙaƙƙen tawul, in ja ƙofa, in danna tsumma a ƙasanta.