Tsayuwar Seidu Tela

Seidu tela ne a unguwar Nima, amma in kana son jin muryarsa, ka bar zancen kaftani, ka taɓo masa ƙwallon kwando. Tun 1988 da wani ma'aikacin jirgin ruwa ya kawo unguwa kaset ɗin bidiyo na wasan ƙwararrun Amurka, shi da abokinsa Awudu kafinta ba su daina musu ba. 'Yan gaba biyu suka ɗauka, kowa da nasa. Na Awudu mai jar riga ne, mai tsalle ya doke ƙwallo tun tana sama. Na Seidu mai farar riga ba ya tsalle. Sai ya riga mutum isa wuri, ya kafa ƙafafu, ya bari a bangaje shi, alƙalin wasa ya ba shi gaskiya.

"Cale, abokina, mutuminka buhun gawayi ne," in ji Awudu. "Ture shi kawai ake."

"Tsallen naka na 'yan kallo ne. Tsaro a ƙafa yake."

A filin simintin Kawukudi inda suke wasa da yamma, Seidu ya mai da abin doka: in abokin hamayya ya taho maka a guje, sai a ce "Tsaya", kai kuma ka kafe. Shekara uku ana haka, har kalmar ta zauna masa a jiki. Abin dariyar, a wajen fili Seidu matsoraci ne na ƙarshe. Kare ya yi haushi can unguwar Maamobi, sai ya canja hanya.

Ranar jajiberin Babbar Sallah da safe, ya fito gida, matarsa Zelia na biye da shi a hankali, da cikin wata bakwai, ga tukunyar koko a ka. Lungun nasu matsattse ne, mutum biyu ba sa jerawa, ga kwata a gefe. Sai hayaniya ta tashi daga sama. Bijimin Lauwali mahauci ya tsinke, ya shigo lungun yana jan igiya.

Tsoro ya kama Seidu irin wanda bai taɓa sani ba. A hagunsa akwai ƙofar wani gida a buɗe, taku ɗaya tak. Ya san Zelia na bayansa. Ya san ba za ta iya gudu ba, ko juyawa da tukunyar nan aiki ne. Duk da haka ƙafarsa ta ɗaga, ta nufi ƙofar.

"Tsaya!"

Muryar Awudu ce, daga kan rufin da yake gyarawa. Kafin Seidu ya yi wani tunani, ƙafar ta dawo ƙasa, ya kafe a tsakiyar lungu, hannuwa a ƙirji. Bijimin ya kwashe shi ya watsa cikin kwata, shi ma ya zame ya durƙusa, mahauta suka cafke igiyar. Ko kokon Zelia bai zube ba.

Haƙarƙari uku suka karye, ƙugu ya goce. Unguwa ta yi ta zuwa dubiya, ana cewa namiji ya tare sa da ƙirji saboda iyalinsa. Da ɗaki ya rage su biyu, Seidu ya tambayi Awudu a hankali, "Da wa kake da ka ce 'Tsaya'?"

"Da Zelia nike, kar ta ƙara shigowa ciki."

"Ka ga ƙafata?"

"Na ga mutum ya tsaya," in ji Awudu. Bai ƙara yabon mai jar riga ba.

Zelia ta haifi mace. Seidu ya koma kan kekensa na ɗinki da ɗingishi, ƙwallo kuwa sai kallo. Yana wuce shanun mahauta ko a jikinsa. Amma duk safiya in ya zo daidai ƙofar nan, sai gabansa ya faɗi, ya ƙara damƙe hannun 'yarsa.