Wanda Ya Biyo Bawa Daga Ruwa

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan labari, domin ni mutum ne mai gudun a ce na yi ƙarya, sau da yawa nakan ɗauki biro in sake ajiyewa. To amma tsufa ya zo, waɗanda muka ga abin tare ban san inda suke ba, shi ya sa na ce bari in faɗa muku. Wallahi abin da idona ya gani da wanda kunnena ya ji zan faɗa, ba ƙari.

A zamanin da motoci ke bin hannun hagu, ina aiki a Kaduna a ƙarƙashin wani mai ɗaukar fim, Malam Bulus, mutumin kudancin Zariya. Ni karatuna bai wuce firamare ba. Aikina ɗaukar kaya, goge gilashin kyamara, sai kuma yanka fim da liƙawa in an wanko shi, kuma ya ba ni wannan aikin ne saboda halina na duba abu in sake dubawa har mutane su gaji da ni. A wurin aiki kowa da laƙabi yake kirana, har shi Malam Bulus, saboda sunana na yanka sunan kakana ne, ko a gidanmu ba a faɗarsa. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Wata shekara da kaka, Malam Bulus ya ji labarin samarin wani ƙauye a dajin Kamuku, gaba da Tsohon Birnin Gwari, waɗanda in an gama girbi sukan hau wani dogon dutse su riƙa dirowa cikin gurbi, wato wurin da kogi ya yi zurfi ya tsaya cak. Ya ce zai yi ɗan gajeren fim a kansu, irin wanda ake sakawa a majigi kafin babban fim. Muka hau Landiroba muka tafi, inda hanya ta ƙare muka ɗora kaya a ka.

Jama'a, ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Dutsen ya fi rimi tsawo, ruwan a ƙarƙashinsa kore shar, samari suna ta dirowa, wani da ƙafa, wani da ka, wani ya yi alkafura a iska, mata a bakin yashi suna guɗa. Gwaninsu shi ne Bawa, wani siririn magidanci mai yawan ba'a, wanda in ya taso sai ya buɗe hannuwa kamar shaho, sai ya kusa ruwa ya haɗe su ya shige ba ko fantsama. Ni da nake jin jiri in na hau tsani, sai ga ni ina tafi.

Kafin mu kafa kyamara, Sarkin Ruwa na garin, wani dattijo mai ƙaramar murya, ya gaya mana doka ɗaya. Ya ce wanda ya shiga ruwan nan ta sama, ta ƙasa yake fita, sai ya yi iyo ya bi ruwa har bakin yashi, sannan ya zagayo ta daji in yana son sake hawa. Ba a fitowa daga gurbin a kama dutse a hau, ko da kuwa akwai wurin kamawa, domin mai wurin yakan ɗauka hanya aka nuna masa. Na ce, “Baba, wane ne mai wurin?” Ya ce, “Ɗana, mu ma ba mu tambaya ba.”

Aiki ya yi daɗi ƙwarai. Malam Bulus gwani ne, Allah ya ba shi ido. Kyamarar irin wadda ake murɗawa ce kamar agogo, sai ya sa ta gudu da sauri fiye da ƙa'ida, ya ce in an zo haskawa mutum zai riƙa saukowa a hankali kamar auduga. Ya kwanta rigingine a kan yashi ya ɗauki Bawa daga ƙasa, ya ɗauke shi daga sama ina riƙe da bel ɗinsa ina salati, ya ɗauki yatsun ƙafarsa kaɗai suna damƙe da bakin dutse, ya ɗauki fuskokin mata suna ɗaga kai. Ya ce da ni, “In mun koma, daidai inda ƙafarsa ta bar dutse za ka yanka, ka liƙa da na ƙasa, mai kallo zai ji kamar shi ne ya faɗo.” Ni kuwa har na ƙosa mu koma in gani.

Sai a ƙarshe ya fito da dabarar da ya ɓoye. Ya kifa kyamara, ƙasanta ya koma sama, ya ce Bawa ya sake dira. Ya yi mini bayani cewa in aka ɗauka a kife, aka wanko, aka juya fim ɗin kai ya koma gindi, to hoto zai tsaya daidai amma komai zai riƙa tafiya da baya, za a ga ruwa ya tofo Bawa ya tashi sama ya dira a kan dutse. Ya ce da wannan za mu rufe fim, mutane su yi ta ihu.

Na ce, “Malam, kar a yi. Ai ka ji abin da Baba ya ce, ba a fita ta dutse.”

Ya yi dariya ya ce, “Hoto ne zai hau, ba Bawa ba.”

Bawa kuwa, wanda tun safe yake jin ina cewa kar a matsa bakin dutse, kar a taka nan, sai ya leƙo daga sama ya ce, “Malam Kar-a-yi, in an biye maka ko tuwo ba za a ci ba, kar a ƙware!” Aka kwashe da dariya, sunan ya bi ni, har yara. Ya dira, ya fita ta yashi lafiya lau, muka yi sallama.

Bayan 'yan makonni fim ya dawo daga wanki. Da rana tsaka ne, na rufe tagogin ɗakin aiki, na yi ta yanka da reza ina liƙawa da gam, kuma wallahi abin ya fi yadda Malam Bulus ya faɗa, Bawa yana saukowa a hankali kamar ba zai taɓa isowa ba. Sai na juya guntun nan na ƙarshe na liƙa, muka kunna majigi a bango. Ruwa ya tattaru wuri ɗaya, ya buɗe, ƙafafun Bawa suka fito, ya tashi sama. Malam Bulus ya fara tafi, sai ya tsaya.

Akwai wani a bayansa. Dogo ne, jikinsa fari fat kamar cikin kifi, ya fito daga ramin da Bawa ya fito, ya bi shi sama, suka dira a kan dutse kusan tare. Bawa ya yi ta ja da baya har ya fita daga hoto, wani tsuntsu ma ya wuce da baya, yadda ya kamata. Shi kuwa wancan sai ya miƙe, ya share ruwa daga fuskarsa, ya taka gaba sosai, kamar ni da ku, ya bi inda Bawa ya bi.

Na cire guntun na ɗaga shi a hasken taga, na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, na sake bi. Bawa ne kaɗai a ciki. Muka mayar muka kunna, ga su su biyu. Malam Bulus ya ce wataƙila fim ne ya ci hoto biyu, amma muryarsa ba ta yarda da shi ba. Ya ce mu koma mu sake ɗauka. Ni dai Bawa ne a raina, na kasa cin abinci.

Da muka isa, ban gane Bawa ba don rama. Ya yi ƙoƙarin tsokanata, ya ce, “Malam Kar-a-yi, ka kawo mini hotona?” amma dariyar ba ta fito ba. Matarsa ta ce kwanan nan kullum sukan wayi gari tabarmarsa jiƙe sharkaf, ƙofar ɗaki kuma da sawun ƙafa mai laima, masu shiga, babu masu fita. Na tambayi ranar da abin ya fara, sai ta zo daidai da ranar da na liƙa guntun nan.

Muka toshe zauren Sarkin Ruwa da tabarmi, muka ta da janareta, muka haska masa. Ya kalla, sannan ya ce, “Kun nuna masa hanya. Wanda abin ya biyo, shi zai mayar da shi.” Wato sai Bawa ya sake hawa ya dira, abin ya bi shi, shi kuma ya yi ta kansa ya fita ta yashi.

Na ce, “Baba, in ya riƙe shi a ƙasa fa?” Ya ce in aka bar shi a gida ma cinye shi zai yi a hankali. Malam Bulus ya cire hularsa ya ce da Bawa ya yafe masa. Bawa ya ce, “Haba Malam, ni da dutsen nan tun ina yaro,” ya juyo gare ni ya ce, “Yau ba za ka ce kar a yi ba?”

Ba a kafa kyamara ba, ba guɗa. Sarkin Ruwa ya karɓi guntun fim ɗin ya naɗe shi a dutse ya jefa a gurbi. Bawa ya hau dutsen ya tsaya a baki, ya buɗe hannuwa, ya taso, kuma ko a fim bai yi kyau irin na ran nan ba. Ya shige ba fantsama. Sai bayansa muka ji wani tsundum mai nauyi, ruwa ya tashi har ya jiƙa mu, alhali ba mu ga komai ya faɗo ba.

Bawa bai ɓullo ba. Matarsa ta durƙushe, ni ina ta karanta duk abin da ya zo bakina. Can sai ga kai ya ɓullo wajen yashi. Garin ya ruɗe da ihu, Malam Bulus ya rungume ni, ni da ban iya ruwa ba na kutsa har gwiwa na kama hannun Bawa na jawo shi ina kuka ina dariya. Hannun sanyi ƙalau. Ya dube ni, ya yi murmushi, ya ce, “Sannu da ƙoƙari,” ya kira ni da sunana na yanka, wanda ban taɓa faɗa wa kowa a garin ba.

Na waiwaya, ba wanda ya ji sai ni. Ban kuma gaya wa kowa ba, don na ga matarsa tana murna. An nuna fim ɗin a garuruwa ba tare da guntun nan ba, mutane sun so shi. Daga baya na ji cewa tabarma ta daina jiƙa, Bawa ya yi ƙiba, amma ya daina ba'a, kuma kafin damina ya kwashe iyalinsa ya bar garin.

Shawarata ga 'yan zamani masu ɗaukar hoto, da yanzu yaro ke mayar da mutum baya da ɗan yatsa a waya, in dattijon wuri ya ce ga hanyar fita, ku bi ta, ko a hoto ne. Kuma ina roƙon duk wanda ya fito daga wajen Birnin Gwari, in ya san wani Bawa mai dira daga dutse, ko 'ya'yansa, don Allah ya tambaya mini abu ɗaya: bayan ran nan, an taɓa jin ya ambaci wani Malam Kar-a-yi? In ya taɓa, ko sau ɗaya ne, zan samu in yi barci.