Gaisuwar da Ta Kusa Cinye Min Ido

Jama'a, yau saura ƙiris in bar idona a Haɗeja!

Muna taron injiniyoyin na'urorin haske, ana gwajin lesa, wato na'ura mai harba haske mai ƙuna, a kan teburi, irin wadda ba a ganin haskenta. Sai ga tsohon malamina ya shigo. Wa zai gaida malaminsa a tsaye? Na cire tabaran kariya, na durƙusa, kaina daidai saitin teburin.

"Ranka ya daɗe..."

"Kar ka ɗago!" ya daka min tsawa. "Ku kashe ta!"

Sai ƙauri! Na cire hulata, ga huda baƙa ƙirin dab da goshi. Innalillahi!

Malam ya riƙo kafaɗata ya ce, "Sani, daga yau a tsaye za ka riƙa gaishe ni."