Baƙin Mai a Bel ɗin Kawu

Sati uku ke nan, amma ko ƙarar babur na ji sai na dafe kaina.

Da na gama sakandare bana, Kawu ya ba ni kujera a injinsa na casar shinkafa da ke Kura, wai in riƙa kula da layin buhuna. To, layin ne ya ƙare. Mata masu turara shinkafa duk sun koma Bunkure, don abin da injin can ke cashewa kafin azahar, namu sai ya kai magariba yana tari. Bel ɗin da ke juya shi zamewa yake yi, shinkafa na fitowa kamar roƙonta ake. Saura Inna, tsohuwar maƙwabciyarmu, ita ma ta ce ranar Laraba ce zuwanta na ƙarshe.

Kawu ya ce, "Ke 'yar boko, je ki gano mana asirinsu. Kada ki faɗi daga inda kike."

Na hau acaɓa da shinkafa kwano biyar, muka bi gefen kanal ɗin ban-ruwa har Bunkure. A layi na ga mai injin ya lakato wani abu baƙi-baƙi mai yauƙi daga gwangwani ya goga wa bel. Na dawo ina ji da kaina.

"Kawu, baƙin mai ne. An koya mana a makaranta, mai yana sa inji gudu."

"Allah ya yi wa boko albarka!"

Ranar Laraba Inna ta kawo buhu biyu. Kawu ya kwarara wa bel baƙin mai, ya yi bisimilla ya tayar da inji. Bel ya yi wani irin fito, ya feshe mu duka, sannan ya yi tsalle ya fizge gyalena, ya zabgi kwanon rufi, ya fice ta ƙofa. Ban san lokacin da na shige ƙarƙashin tebur ba, ina ta kalmar shahada. Wallahi na ɗauka da kaina ya tafi.

"Kawu, kaina yana nan?"

"Yana nan. Amfaninsa ne ban gani ba."

Inna ta share fuska da bakin zane. "Wane mai hankali ne ke shafa wa bel mai? Jiƙaƙƙen ƙaro suke gogawa, don ya kama ya daina zamewa."

Kawu ya ce, "Haba Inna, kin sani kika yi shiru?"

"Ka tambaye ni ne, ɗan nan? Ai mai takarda ka aika."

An tsamo bel da gyalena a kanal. Kawu ya wanke bel ɗin da toka, Inna ta kawo ƙaro daga gida. Kafin la'asar buhunanta sun fito fes. Da Laraba ta zagayo, ta dawo da mata huɗu.

Ni dai na fitar da kujerata waje, gindin darbejiya. Daga can nake kula da layi, gyale ɗaure tamau a ƙugu.