Wutar Da Rana Ta Ɓoye

Ko da zan tsufa har in riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da ƙanena ya kama da wuta a ƙofar gidanmu da ke Kontagora, abokansa na tsaye suna ta dariya. Shekaru sun ja, amma har yau in na ji samari sun kwashe da dariya a waje da tsakar rana, sai gabana ya faɗi.

Mu biyu ne muka rayu a cikin 'ya'yan Inna: ni 'yar fari, shi auta. Wanda ya san gidan Bahaushe ya san yadda aka yi rabon. Ni ko sunana ba ta kamawa, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Shi kuwa Auta, in ya yi tari sai ta ajiye muciya. Babanmu ya rasu Auta yana ƙarami, sai ya tashi a gindinta, ya kuma gano lagonta tun da wuri. Inna ba ta iya jin ihunsa ta zauna.

Ai kuwa ya mayar da abin sana'a. Tun yana yaro zai faɗi a tsakar gida yana birgima wai kunama ta harbe shi, Inna ta taho da gudu ɗankwali a hannu, sai ya miƙe yana ƙyalƙyata dariya. Da ya girma ya zama makanike, ya kafa rumfarsa a ƙofar gida, abin bai canja ba, hali zanen dutse. Zai kama wayar fulogi ya sandare yana karkarwa wai lantarki ya ja shi. Zai shige ƙarƙashin mota ya kurma ihu wai jak ya zame. Abokansa sun saba, su dariya kawai suke yi. Inna ce kullum take fitowa, kuma kullum sai an yi mata dariya.

Ni abin haushi yake ba ni, kuma ba na ɓoyewa. Na taɓa ce mata, "Haba Inna! Sau nawa yaron nan zai mayar da ke abin wasa a gaban mutane? Ke ba kya ganewa ne?"

Ta ce, "In ƙarya ce, me na rasa? Numfashi ne kawai, zai dawo. In gaskiya ce fa?"

Na ce ai shi ke nan, ku kuka sani, ke da autanki.

Yana da wata tsohuwar mota 'yar Japan da ya saya a matacciya ya tayar da ita. Motar nan ita ce matarsa, ita ce 'yarsa. Ya sauke injinta ya sake ɗaurawa ya fi a ƙirga, ya sa mata abin da ke cusa wa injin iska da ƙarfi, ya gyara mata salansa, wato bututun hayaƙi, yadda in ya taka totur ya saki, sai ta yi harbi kamar bindiga, tartsatsi na fita ta baya. Duk bikin da aka yi a unguwa, shi ake nema ya je ya yi wasan mota, ya yi ta juyi a fili yara na ihu. Tsofaffin unguwa suna tsine wa ƙarar, amma in motarsu ta lalace wurinsa suke kawowa.

Daga baya ya samo wani abu a bidiyon da yake kallo a waya. Wai masu tseren mota a ƙasashen waje ba fetur zalla suke zubawa ba, suna haɗa shi da itanol, wani sinadari fari kamar ruwa da ake tatsowa daga rake ko rogo ko masara. Ya yi ta cigiya har ya samu wani direban babbar mota da ke kawo masa a jarka daga kudu. Ranar da na fara jin warinsa na toshe hanci, don sak warin sifirit ɗin asibiti ne.

Na ce, "Wannan ai ɗan'uwan barasa ne."

Ya ce, "Uwa ɗaya uba ɗaya ma, Yaya. Amma mota ce ke sha, ita kuwa ba ta da hisabi."

Tun daga nan 'yan unguwa suka sa wa motar suna Mashayiya. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani, ko da yake ban tambaye shi ba. Ya ce fetur ɗinmu gajen haƙuri gare shi, in injin ya matse shi da yawa sai ya kama kafin lokacinsa, injin ya riƙa ƙwanƙwasa. Shi kuwa itanol yana jure matsi, yana kuma sanyaya injin, sai mota ta ba da ƙarfin da ba a san tana da shi ba. Illarsa dai mota na zuƙarsa da yawa, kuma yana cinye tsofaffin robobin mai, shi ya sa ya sauya su duka, har da nozul da famfon mai. Ba ya zuba shi zalla, don in an yi haka mota ba ta son tashi da sanyin safiya. Yana da wani jug da yake awo da shi, ya zuba wannan, ya zuba fetur, ya gauraya. A wannan fannin kam ba shi da wasa, in yana awo ko magana ba ya so a yi masa.

Abu ɗaya ne bai faɗa mini ba, kuma ina jin shi ma bai ɗauke shi da muhimmanci ba. Fetur in ya kama, kowa zai ga jan harshen wuta da baƙin hayaƙi. Itanol zalla kuwa wutarsa shuɗiya ce mai haske, ba ta da hayaƙi. A cikin inuwa za ka gan ta. A tsakiyar rana mai ƙarfi sai ta ci mutum kana kallonsa ba ka ga komai ba.

Lokacin bazara ne, irin zafin da ko kaji sai sun buɗe baki. Na zo daga Ibeto, inda nake aure, don in kwana biyu wurin Inna. Wani abokinsa zai yi aure a Kumbashi a ƙarshen mako, shi ya sa tun safe Auta yake fama da motar. Kafin azahar ya fita ya gwada ta a hanya, ya dawo, ya kashe ta a gaban rumfa, a cikin rana. Ni ina ɗakin girki ina tankaɗe, Inna tana tsakar gida tana wanki, ta jiƙa bargonta a baho.

Abin da ya faru a waje daga baya aka ba ni labari. Jarkar itanol ɗin ta sha rana ta kumbura. Yana tsugune a bayan mota wajen tankin mai, ya buɗe ta ya karkata zai zuba a jug, sai ta yi amai, ta jiƙa masa riga da wando. Ya yi tsaki ya ce yanzu zai bushe. Wani abokinsa, yaron kirki ɗan Dukku da suka taso tare, yana zaune a mazaunin direba, bai ga abin da ya faru a baya ba. Yana son ya jiyar da sauran harbin salansa, sai ya murɗa makulli ya taka totur ya saki. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Ni dai na ji harbin motar, wanda mun riga mun saba da shi. Sai na ji muryar Auta yana ihu, sai dariya ta ɓarke. Na ji wani yana cewa, "Kai, yau kuma sabon salo ne!" Sai na ji ya ƙwala kira, "Inna! Inna!"

Kafin in ajiye rariya ta wuce ni kamar iska, tana jan jiƙaƙƙen bargon nan, ruwa na zuba. Daga baya ta ce ta ji kalmar wuta a cikin ihun, ni ban ji ba. Na bi bayanta ina kakkaɓe gari daga hannuna.

Abin da na gani a ƙofar gida shi ne ƙanena yana tsalle a cikin rana, yana dukan ƙirjinsa da cinyoyinsa, yana juyi. Babu wuta, babu hayaƙi. Wallahi ko ni da idona ban ga komai ba, in ban da iskar da ke kewaye da shi tana rawa, irin yadda take yi a kan kwalta da rana. Samari sun kewaye shi, wani ya riƙe ciki don dariya, wani ya ɗaga waya yana ɗauka. Ba mugunta ba ce. Abin da ya koya musu ke nan shekara da shekaru.

Inna ma ba ta ga wutar ba. Ba ta tsaya nemanta ba ne kawai. Ta ratsa su, ta yafa masa bargon, ta rungume shi suka faɗi tare. A lokacin ne muka ji cuuu, tururi ya tashi, ƙauri ya bugi hancin kowa. Gefen bargon ya zame, na ga rigar ƙwallon da ke jikinsa ta narke ta manne da fata. Dariyar ta yanke. Wanda ke ɗauka da waya ya sake ta ta faɗi, ɗan Dukku ya fito daga mota ya ɗora hannu a ka yana salati, ya kasa ko matsowa.

Aka kwashe su zuwa asibiti, daga nan aka tura mu wani babba a wani gari. Hannayen Inna duka biyu sun ƙone har gwiwar hannu, aka naɗe su, amma ta ƙi kwanciya a gadon da aka ba ta. Ta sa aka ajiye mata kujera a gefen Auta. Shi kuwa daga wuya zuwa gwiwa babu inda ya tsira, fuskarsa ce kawai wutar ta bari. Likita ya kira ni gefe ya ce mu yi ta addu'a. Na gane abin da yake nufi, ban faɗa wa Inna ba.

Ɗan Dukku ya biyo mu, ya kwana biyu a bakin ƙofa ya kasa shiga. Auta ne ya ce a kira shi. Da ya shigo ya durƙusa yana kuka, Auta ya ce da ƙyar, "Kai dalla tashi, kana ba ni kunya a gaban mata. Ni na koya maka taka totur ɗin. Na yafe, Allah ma ya sani."

Har a gadon nan bai fasa hali ba. Wata rana da hantsi ina ba shi kunu, sai ya saki kai gefe, ya rufe ido, ya ɗauke numfashi. Inna ta zabura ta miƙe, kujera ta kife, tana kiran sunansa. Sai ya buɗe ido ɗaya, ya yi ɗan murmushi.

Ya ce, "Inna, har yanzu?"

Ta ce, "Har kullum, ɗan nema."

Na buɗe baki zan yi masa faɗa kamar yadda na saba, sai kuka ya ƙwace mini. Na fita waje.

Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya rufe shi, ciwon ya shiga jini. Da safe ne, rana ta fito sosai, muna zaune ni da ita. Ya yi kalmar shahada a hankali, ya saki kai gefe, kamar dai wancan karon. Na kira ma'aikaciyar jinya, ta kira likita. Ya duba, ya dube ni, ya ja mayafi zai rufe masa fuska.

Inna ba ta zabura ba. Ba ta ko motsa daga kujerar ba. Ta ɗaga naɗaɗɗen hannunta ta tare likitan, ta ce, "A'a, likita, bar shi. Ba ka san shi ba ne. Wasa yake yi, yanzu zai buɗe ido."

Matar da ta yarda da kowace ƙarya da ya taɓa yi mata, ranar da ya yi gaskiya ta ƙi yarda. Ta zauna tana kallon idon nan ɗaya, tana jira. Sai da na durƙusa na riƙe ƙafafunta na ce, "Inna, Auta ya tafi," sannan ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." A ranar ne kuma, karo na farko a rayuwata, na ji ta kira ni da sunana.

Motar ta daɗe a ƙofar gida har tayoyinta suka sace, kafin wani kawunmu ya sa a ja ta. Abokansa sun daina wasan mota na wani lokaci, wasu sun koma. In na haɗu da su nakan ce, in dai sai sun yi haɗin nan, su kashe mota, su cire makulli su sa a aljihu, su shiga inuwa, su ajiye ruwa kusa. Suna cewa to, Yaya. Ban san ko suna yi ba.

Inna tana nan da rai, a wurina take zaune yanzu, yatsunta sun ƙanƙance, ba ta iya wanki ko tuƙa tuwo. Ɗana na biyu ya ɗauko halin kawunsa ba tare da ya san shi ba. Kwanaki ya faɗi a tsakar gida yana ihu wai maciji, na jefar da abin da ke hannuna na fita da gudu babu takalmi, na tarar Inna ta riga ni isa, da sandarta. Yaron ya miƙe yana dariya, 'yan'uwansa na taya shi. Na koma na ɗauki takalmina.

Abin da ranar nan ta koya mini ke nan: ba kowace wuta ake gani ba, kuma in mutum ya yi ihu, ka fara zuwa tukuna, ka yi bincike daga baya. In ƙarya ce, a yi maka dariya, ba ka rasa komai ba sai numfashi, shi kuwa yana dawowa. Na Auta ne bai dawo ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa wutar da ya sha a nan ita ce iyakarta.